Baffa Samanja da Tankokinsa na Yumɓu

Na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, Allah Ya karɓi ran Baffa, yayan mahaifina, a gidansa da ke gindin duwatsu a Dutse, bayan jinyar da ta kai wata biyu.

Kafin azahar ƙofar gidan ta cika. Danginmu na Aujara sun zo a bayan akori-kura, wasu da laka a ƙafa, don daga gona aka kirawo su. Da aka dawo daga maƙabarta, limamin unguwa ya ce tun da Baffa ya tare a unguwar bai taɓa waiwayowa bayan sallama ya rasa shi a sahun gaba ba, can ƙarshen hagu. Mutane suna zaton tawali'u ne ya sa yake zaɓar gefe. Liman ya ce akwai tawali'un, amma kuma kunnensa na hagu ya mutu tun a soja, shi ya sa yake tsayawa inda na dama zai kama karatu.

A cikin gida Inna, matar Baffa, ba ta yi kuka mai sauti ba. Matata ce ta gaya mini abin da ta ce wa matan da suka kewaye ta: "Shekara fiye da talatin ina ajiye masa kwano a gaba, bai taɓa ɗaga murfi ba sai ya ce, 'Me ke ciki?' Ko da ya ji ƙamshin miyar tun daga zaure sai ya tambaya. Yau da safe na kai masa koko, na tsaya ina jiran ya tambaya, sai na ga kallona kawai yake yi."

Amininsa, wani tsohon soja da kowa ke kira Saje, daga Kiyawa ya taho a bayan ɗan acaɓa. Bai samu sallar jana'iza ba, a bakin kabari ya iske mu. Da aka dawo ya nemi gefen tabarma ya zauna shi kaɗai. Masu gaisuwa suna wuce shi suna zuwa wajenmu, mu 'ya'ya da ƙanne. Can sai na ji ya ce da wani mutum, murya ƙasa-ƙasa, "Ni ma ku yi mini gaisuwar, don Allah."

Da la'asar wasu samari suka zo a ƙungiya, suka durƙusa suka yi addu'a. Suna tashi na ji ɗayansu ya ce, "Allah sarki, tsohon nan mai faɗa da talabijin." Da ƙauna ya faɗa, na sani. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na ga in aka yi shiru, da wannan kaɗai za a riƙa tuna shi. Shi ya sa na zauna nake rubuta abin da na sani.

Baffa ya shiga soja yana saurayi, a farkon yaƙin basasa, ba da son kakanmu ba. Aka sa shi a motoci masu sulke, irin masu taya shida da igwa a ka, ya zama mai harbi. Bayan yaƙi ya daɗe a Bauchi yana koya wa sababbin sojoji harbin igwar tanka, har ya kai samanja. Ya yi ritaya gab da za a ba mu jihar Jigawa, ya sayi fili a Dutse lokacin da garin bai wuce 'yan unguwanni da gonakin dabino ba. Ni kuma na samu aikin akawu a wata ma'aikata, mahaifina ya damƙa ni a hannunsa, na zauna a ɗakin zaurensa har na yi aure. Tun ranar da na fara zuwa ofis ya daina kiran sunana, sai dai Akawu.

Ba ya ba da labarin yaƙi. In wani mai rawar kai ya tambaye shi mutum nawa ya kashe, sai ya juya masa mataccen kunnen ya ci gaba da abin da yake yi. Amma ka tambaye shi igwa, to ka nemi wurin zama. Zai gaya maka harsashin babbar tanka ya fi jarkar ruwa cike nauyi, kuma mutum ɗaya ne ke ɗaga shi a tsugune, cikin zafi da hayaƙi. Zai gaya maka wanda ake huda sulke da shi daban, wanda ke fashewa daban, na hayaƙi daban. Yakan ce, "Ku kuna ganin ƙarfe ne, Akawu. Tanka ɗaki ce mai zafi, da mutum huɗu a ciki suna zaune a kan wuta."

Kowace Asabar Saje yakan zo daga Kiyawa. Bayan la'asar su fito gindin darbejiyar ƙofar gida, inda Baffa ya zuba yashin rafi ya kewaye shi da bulo. A nan suke wasansu. Baffa ne ya gina tankokin da yumɓu, ya shanya su a rana, kowace da igwarta ta sillen kara, kauri da tsawo daidai da yadda ta gaskiya take. Kowace tanka tana da kwalin ashana, harsashinta ke nan a ƙirge: wake shi ne mai huda sulke, masara mai fashewa, guryar auduga ta hayaƙi. Da taƙi ake auna nisa. In kwalinka ya ƙare, tankarka ta koma baya ko ta tsaya a kashe ta. Kuma doka ce, kafin ka yi harbi sai ka faɗi abin da ka ɗura da ƙarfi, abokin wasanka ya maimaita.

Ba a yin Asabar biyu ba su yi rigima ba. Saje har ya tsufa Kofur yake ce wa Baffa, don a yaƙi shi ne gaba da shi, ko da yake daga baya Baffa ya wuce shi muƙami.

"Wake! Kofur, na harbe ka."

"Wake. Da wace tankar?"

"Da wannan mana."

"Haba Saje. Wannan 'yar ƙaramar ta Ingila ce, bakin igwarta milimita saba'in da shida. Ni kuwa ta Rasha ce, kuma goshi na ba ka. Ko ka matso har ka taɓa ni ba ka huda goshin nan. Ka zagayo ta gefe ko ta baya, kamar yadda aka koya maka."

"A wasa ma ba za a yi wa mutum alfarma ba?"

"Ita igwar ta taɓa yi maka alfarma?"

Sai Saje ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya rantse ba zai sake tako ƙafarsa Dutse ba. Inna ta aiko da fura daga cikin gida, ya sha a tsaye yana mita, ya tafi. Asabar ta gaba da hantsi sai ka ji sallamarsa.

A ƙarshen shekarun casa'in, bayan na yi aure na tashi daga gidan, na kama shago a bakin titi na buɗe gidan gem. Talabijin uku ne, da injinan wasa, da ɗan janareto a baya. Yawancin samari ƙwallo suke bugawa, amma akwai wani faifai na yaƙin tankoki da ya karɓu sosai. Mutum zai zaɓi tankarsa daga jerin hotuna, an rubuta sunan kowace da girman igwarta, sannan ya shiga gari yana harbi. Ni a tunanina babu wanda zai ji daɗin wannan kamar Baffa. Na yi ta roƙonsa har wata Lahadi da yamma ya hau kekensa ya zo.

Samarin suka ba shi kujera a gaba. Ya sa tabarau, ya matsa dab da talabijin. Wani magini, gwanin wasan, ya zaɓi tankar Rasha.

"Tsaya," in ji Baffa. "Akawu, karanta mini abin da aka rubuta a ƙarƙashinta."

Na karanta. An ce igwarta milimita ɗari da ashirin.

"Ƙarya ne. Shekara nawa ina koyarwa a kan tankar nan. Ɗari ce. Wa ya ƙara mata ashirin?"

Aka yi dariya, aka fara wasa. Tankar ta fita a guje tana harbi ba ƙaƙƙautawa, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Baffa yana ƙirgawa a hankali, ina ganin leɓensa yana motsi. Da ya wuce hamsin ya ce, "Harsashinta ya ƙare tun ɗazu. Wa yake ɗura mata? Aljani?" Sai ga wata 'yar ƙaramar tanka daga tsallaken gada ta fasa babbar ta goshi. Babbar ta kama wuta, maginin ya tuƙa ta ya bi ta kan wani akwati mai walƙiya, wutar ta mutu, ta koma sabuwa. Na ga Baffa ya cire hula ya mayar.

Maginin ya juya igwa ya harbi wani gida, don nishaɗi kawai. Gidan ya rushe, maki ya ƙaru, samari suka yi shewa.

"Da wane harsashi ya harba?" in ji Baffa.

"Baba, ai iri ɗaya ne duka," in ji maginin.

"Ina mutanen gidan?"

"Babu kowa a ciki, Baba."

"Ka leƙa?"

Muryarsa ta tashi yadda ban taɓa ji ba. Ya miƙe yana nuna talabijin da sanda, yana cewa wanda ya ƙera wannan abu bai taɓa shiga tanka ba, bai taɓa jin warin cikinta ba, kuma yana koya wa 'ya'yan mutane cewa harbi ba shi da nauyi. Mutane suka fara taruwa a bakin ƙofa. Kunya ta kama ni, ta juye ta zama fushi, na faɗi abin da har gobe nake nadama.

"Baffa, wasa ne fa. Ba kowa ne zai zauna yana ƙirga wake a kwalin ashana ba. Yaƙin nan an gama shi tun kafin a haifi yaran nan."

Baffa ya juyo mini da kunnensa mai ji ya ce, "Sake faɗa, ban ji ba."

Ban sake ba. Ya ji sarai. Ya fita ya ja kekensa, bai hau ba sai da ya yi nisa.

Ban daina zuwa gaishe shi ba, shi ma bai daina amsawa ba. Amma ya bar ce mini Akawu. "Lafiya lau, Malam," haka yake cewa, kamar wani baƙo ne ya yi sallama. Inna ta ce in ba shi haƙuri. Ni kuma girman kai ya riƙe ni, ina ganin ai shi ya fara tozarta ni a gaban abokan cinikina. Muka ɗauki fiye da shekara a haka.

Sai aka ƙaddamar da shari'a. Mutane sun yi murna, ni ma ina cikinsu, kuma kowace unguwa ta shiga duba abin da za ta gyara. Aka kai ƙarar shagona wajen mai unguwa, cewa samari suna barin salla, wasu kuma suna caca a kan wasan. Aka kira zama a zaurensa bayan la'asar. Na tarar da liman, da dattawa, da Baffa a gefe yana jan carbi. Na san babu wanda zai fi shi iya kayar da ni.

Akwai wani matashin malami da bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Ba mugu ba ne, zafin kishin addini ne ke ɗibarsa. Bayan ya gama da shagona sai ya ƙara da cewa ba abin mamaki ba ne, tunda a gidan da na tashi ma kowace Asabar ana bugun ƙasa a fili, ana zane a yashi, ana jefa wake, ga gumakan yumɓu a jere.

Baffa ya ce, "Me ya ce?" Wannan karon da gaske bai ji ba. Dole mai unguwa ya maimaita masa da ƙarfi, a gaban kowa, cewa ana zarginsa da duba.

Baffa ya ajiye carbin. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san gaibu ba. Da na san shi, da akwai ranar da ba zan fita aiki ba. Abin da ke ƙofar gidana tankoki ne, ni da abokina muke tuna aikinmu. Wannan ke nan. Sai maganar ɗana. Na shiga shagonsa na zauna, ban ga caca ba. In wasu suna yi a ɓoye, a hana su. Abin da na gani ƙarya ce, kuma ba shi ya yi ta ba, waɗanda suka ƙera wasan ne. Na faɗa masa, ya faɗa mini tasa, wannan tsakaninmu ne. Amma yana da iyali, kuma ban taɓa kama shi da cin haram ba. A sa masa doka ya rufe lokacin salla. In ya karya, ni za a tambaya."

Liman ya ce tanka ba abu ne mai rai ba, siffanta ta da yumɓu ba gunki ba ne, kuma shi shaida ne a kan Baffa. Matashin malamin ya ba da haƙuri a wurin. Aka bar mini shagona bisa sharaɗin da Baffa ya kawo.

Washegari Inna ta aiko a kira ni. Na tarar da bokiti a tsakar gida, cike da jan ruwa mai kauri, sillayen kara suna yawo a kai. Tun da sassafe Baffa ya zuba tankokin duka a ciki. Yashin kuma ya kwashe ya watsa a lungu.

"Ya ce shi bai san haka ake kallonsa ba," in ji Inna. "Shekara da shekaru mutane suna wucewa suna gaishe shi, ashe wasu boka suke gani."

Liman da kansa ya zo ya ce ya ci gaba da wasansa. Bai sake ba. Saje bai fasa zuwa ranar Asabar ba, amma sai dai su zauna a kan benci da rediyo a tsakaninsu, babu rigima, babu rantsuwar ba zan dawo ba. Duk wanda ya san su a da, in ya gan su haka sai ya ji tausayi.

Lahadin da ta biyo bayan zaman na bi shi gonarsa da ke hanyar Kiyawa. Ana noman farko, yana sunkuye da fartanya. Na karɓe ta daga hannunsa na ajiye, na durƙusa a cikin kunya na ce, "Baffa, ka yafe mini."

"Tashi, Akawu, za ka taka mini gero."

Muka zauna a inuwar wata ɗorawa. Ya sha ruwa daga buta, ya daɗe yana kallon duwatsun Dutse daga nesa. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara.

Ya ce a shekara ta biyu ta yaƙi suka isa wani ƙauye a bakin rafi, can kudu. Su uku ne a motar: direba, da shi mai harbi, da Saje, wanda shi ne kwamanda kuma shi ke ɗura harsashi. Aka ba su umarni su jefa hayaƙi a tsallaken rafin, gaban wata rumfar kasuwa, don sojojin ƙasa su samu su haye ba a gan su ba. Ƙa'ida ita ce mai ɗurawa ya faɗi abin da ya sa, mai harbi ya maimaita, sannan a harba. Amma kwana biyu ba su runtsa ba, ana harbinsu, cikin motar duhu da hayaƙi. Saje ya miƙa hannu ya jawo harsashi ya tura.

"Bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Na taɓa kunamar igwar. Ina jiran farin hayaƙi, sai na ga rufin rumfar ya tashi sama."

Da suka haye suka tarar ba soja ko ɗaya a wurin. Mata ne da tsofaffi da yara da suka gudo daga gidajensu suka fake a rumfar. Ya ce akwai tukunya a kan murhu, wutar ba ta ma mutu ba.

"Ba wanda ya tuhume mu. Aka ce yaƙi ne. Ni da Saje ba mu taɓa zancen ba, ko sau ɗaya. Sai dai mu zauna a yashi, ya ce wake, in ce wake." Ya share fuska da hannun riga. "Da yaron nan ya ce mini harsashi duk iri ɗaya ne, ba shi nake yi wa faɗa ba, Akawu."

Na koma na cire faifan tankokin daga shago. Bai sa ni ba, kuma da ya ji ya ce ba haka yake nufi ba, so yake a gyara, ba a ɓoye ba. Na ce masa masu gyarawar suna wata duniya, ba su san da mu ba. Ya ce to Allah Ya sa wani ya gaya musu.

Bayan shekara biyu ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Aka kwantar da shi a asibiti, daga baya ya ce a mai da shi gida. Wata Asabar da rana, Saje yana zaune a bakin gado, Baffa ya ce in kawo takarda da biro. Ya yi ta faɗa yana hutawa, ina rubutawa:

"Zuwa ga mutanen garin da ke bakin rafi, mai makaranta da bishiyar mangwaro biyu a gabanta. Ni ne na harbi rumfar kasuwarku a lokacin yaƙi. Hayaƙi aka ce in harba. Ban san abin da ke cikin igwar ba, kuma ban tambaya ba. Ban san sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka mutu ba, amma na ga fuskokinsu, ban kuma manta ba. Ina roƙonku gafara. In ba za ku iya ba, ba ku yi laifi ba."

Saje yana sunkuye da kai tun da aka fara. Da na ɗiga aya sai ya ce, "Ɗana, ƙara layi ɗaya. Ka ce wanda ya ɗura ma yana nan, shi ma yana roƙo." Baffa ya miƙa masa hannu, suka riƙe juna, ba wanda ya kalli wani.

Na ce, "Baffa, wa zan aika wa? Ba suna, ba adireshi."

"Sunan garin ya ɓace mini tuntuni. Ka juya ta da Turanci ka ajiye. Kai kana fita, kana haɗuwa da mutane."

Kwana goma bayan nan ya rasu.

Da aka yi sadakar arba'in na ɗauki takardar na tafi wajen wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran babur kusa da tasha. Ya fi shekara ashirin a Dutse, kuma lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, 'yan'uwansa da yawa suka tsorata suka tattara suka tafi, shi ya zauna. Na yi masa bayani ina jin nauyin bakina. Ya goge hannu da tsumma, ya sa tabarau, ya karanta sau biyu.

"Malam," ya ce, da Hausarsa mai kyau, "garin da ke da rafi da makaranta da mangwaro, a wajenmu ba su ƙirguwa. Ban san wannan ba. Kuma ni ba ni da ikon yafewa a madadin kowa." Ya ninke takardar a hankali. "Amma ni ma ina yaro a lokacin, na kwana a irin wannan rumfa. Ka bar mini ita. In na je gida Kirsimeti zan karanta a taron garinmu, sannan in miƙa ta ga garin da ke gaba da mu."

Ya dawo a watan Janairu, ya aiko a kira ni. Ya ce an karanta ta a garuruwa uku, ba wanda ya ce nasu ne, kuma ya baro ta a hannun wani malamin makaranta da zai wuce da ita gaba. A wajen karatun, wasu sun tashi sun fita tun ba a gama ba. Amma a gari na uku wata tsohuwa, wadda ta rasa 'ya'ya biyu a yaƙin, ta sa an sake karanta mata da yarensu. Ta ce ba garinsu ba ne. Sannan ta tambaya ko mutumin yana da mata, aka ce yana da ita, tana raye. Ta ce to a yi mata gaisuwar mutuwa.

Daga tasha gidan Baffa na wuce. Inna ta fita takaba ke nan, tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Na zauna na gaya mata duka, tun daga farko.

"Ta ce ta yafe?" in ji Inna.

"Ba ta ce ba, Inna. Ta ce dai a gaishe ki da haƙuri."

Ta ajiye farantin a ƙasa, ta gyara mayafinta kamar mai gaisuwar tana tsaye a gabanta.

"To, na amsa," ta ce. "Ka ce a gaya mata ni ma ina yi mata gaisuwar nata."

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Waɗanda suka kwanta a rumfar nan kuwa, Kai Ka san sunayensu. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani.